Ɗorawa Uku a Tsakiyar Kamfani

Akwai mutanen da Allah ya halitta don zaman lafiya, akwai kuma Sabuwa mai daddawa. Ba muguwa ba ce. In gobara ta tashi a gidanka, ita za ka fara gani da tulu a ka, sai dai kafin wutar ta mutu ta gama lissafa maka irin sakarcin da ya jawo ta, naka da wanda ka gada. A ƙauyensu da ke gefen Surko, a ƙasar Birnin Kudu, jariri kan san muryarta kafin ya gama sanin ta uwarsa.

A gidan noma aka haife ta. Su biyu ne suka rayu a ɗakinsu, ita da wanta Balarabe. Tun tana goye take shaƙar warin kalwa, don sana'ar uwarta ke nan, ta kakarta ma haka. Da mahaifinsu ya rasu, malamai suka zauna rabon gado. Dukiyar kaf gona ce guda a gindin wani dutse da ake kira Dutsen Kurma, sai ɗorawa uku a cikinta. A wannan yanki ba baƙon abu ba ne gona ta zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Mai ƙasa ya yi shukarsa, mai itace ya zo ya ɗebi 'ya'yansa, kowa ya san iyakarsa. Malamai suka yi wa ƙasa kima, suka yi wa itatuwa kima. Balarabe ya ɗauki ƙasa, Sabuwa ta ɗauki ɗorawa. Balarabe ya koma gida yana murmushi a ƙarƙashin gemu, a ganinsa ya ci kasuwa. Bawan Allah bai san ya gaji maƙwabciyar da ba za ta taɓa tashi ba.

Wanda bai san ɗorawa ba zai ce an ƙwari mace. Ita kuwa ɗorawa babu abin yarwa a jikinta. Garin a dama a sha, kalwar a yi daddawa, makubar, wato ɓawon kwasfar, a jiƙa a yi daɓen ɗaki, inuwar kuma gyara ce. Sabuwa har sunaye ta sa musu. Akwai Babba, wadda mutum biyu ba sa iya rungume gindinta. Akwai 'Yar Auta. Sai ta tsakiya, Mai Rowa, wadda in ta yi 'ya'ya bana sai ta huta baɗi kamar ma'aikacin gwamnati.

Aka aurar da ita ga Malam Ƙasimu, malamin allo, mutum mai sanyi kamar randa. Tun a shekarar farko ya gano cewa kalmar da ke ƙara wa magidanci tsawon rai ita ce "haka ne", ya riƙe ta kamar wuridi har ya koma ga Allah. Abin da yake samu bai wuce na gishiri ba. Ɗorawar nan uku su suka riƙe gidan. Su suka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, su suka yi wa ɗan farinta Ɗayyabu kaciya da aure, wanda don kunya har yau ba ta faɗin sunansa, sai dai "wannan yaron", ko da yake yaron ya fara furfura.

Aikin daddawa ba na raggo ba ne. A dafa kalwa wuni sur har itacen girki ya ƙare, a surfe ta a turmi, a wanke, a sake dafawa, a juye a ƙwarya, a lulluɓe da ganye da tsumma, a bar ta ta ruɓe. To ruɓa ma hawa-hawa ce, kuma a nan gwaninta take. Ranar da Sabuwa ta buɗe ƙwarya, ƙudajen Wurno ma sukan taso gaisuwa. Sai ta kirɓa, ta mulmula, ta lallatse, ta shanya a rufin ɗaki. Amma in ta kai kasuwar Birnin Kudu ba ta wuni. Mata daga Gwaram sukan yi sallahu musamman, a ce ta Sabuwa ake so, in babu a dawo da kuɗin.

Maƙiyan ɗorawarta kuwa ta san su ɗaya bayan ɗaya. Yara masu jifan ɗanyar ɗorawa, ta san uwar kowa, kuma har gida take kai ƙara. Masu sassabe reshe don awaki, sau ɗaya suke gwadawa. Balarabe ma, in ya yi huɗa kusa da saiwa, sai ya ji tarihin ranar da ya yi fitsarin kwance a gidan kawunsu. Duk waɗannan ta iya da su. Maƙiyin da ya gagare ta shi ne jemage.

In sanyi ya fara ja da baya, ɗorawa takan yi tuntu, jajayen furannin nan masu reto kamar an rataye ƙwallo da zare. Da magariba ta kawo kai sai jemagu su ɓarko daga kogon Dutsen Kurma da manyan itatuwan gindinsa, baƙi ƙirin kamar hayaƙin taya, su sauka a kan tuntun suna lasa suna tsuwa. Gari na wayewa ka ga ƙasa ja wur da burbushin fure. Wannan a wajen Sabuwa sata ce da rashin kunya. Ta tara gwangwanayen madara da na tumatir, ta zuba musu tsakuwa, ta sa aka rataye a rassa, aka ɗaura doguwar igiya. A gindin Babba take sallar magariba, tana sallamewa ta cafki igiya. Kacau-kacau! Kacau-kacau! Jemagu su tashi, su yi kewaye ɗaya, su dawo. Wata shekara ta yi musu turaren barkono. Jemagu ko tari ba su yi ba, jakin Balarabe ne ya yi kwanaki yana atishawa.

"Sabuwa, halittar Allah ce, rabonta take ci," in ji Malam Ƙasimu, a ɗaya daga cikin 'yan lokutan da ya yi kasada.

"Dajin Allah ya ƙare ne, Malam? Sai a gadona? Abin da ko kwanciya bai iya ba, sai ya rataye kai ƙasa kamar ƙwaryar da aka wanke, shi ne zai ci gumina?"

"Haka ne," in ji Malam.

Da lisha dole ta koma gida, jemagu su ci karensu babu babbaka. Duk da haka kowace bazara rassa sai sun sunkuya don nauyi. Sabuwa ta ce ai saboda tsaronta ne, da ba don ita ba ko kwasfa ɗaya ba za a gani ba. Babu wanda ya musa. Wa ke neman magana?

Haka aka yi ta tafiya har ta tsufa, Malam ya rasu, 'yan mata suka watse gidajen aure. Sannan wata rana motoci suka zo da mutane masu hular kwano suna ƙwanƙwasa Dutsen Kurma kamar masu sayen kankana. Aka ce kamfani ne na fasa dutse, tsakuwa za su riƙa niƙawa ana kai wa masu aikin titi da gine-gine a Dutse da Kano. Suna son dutsen, suna son gonakin gindinsa don kafa inji da ajiye motoci. Balarabe ne na farko a layin sayarwa.

A faɗi gaskiya, ƙauyen ya ga canji. Hanyar da in damina ta yi ko jaki sai an roƙe shi, aka zuba mata tsakuwa ta miƙe. Aka haƙa rijiyar burtsatse. Samarin da kowane rani sai sun tafi ci-rani Kudu suka samu aiki a ƙofar gida. Ɗayyabu, wanda ya yi shekaru yana tura baro a Fatakwal, ya zama mai kula da injin niƙa, har da takalmin roba da hula. Mata suka kafa rumfunan tuwo da shinkafa da wake a bakin kamfani. Sabuwa kanta ba ta ƙi ba.

"Dutsen nan me ya taɓa tsinana mana?" in ji ta. "In ban da macizai da waɗancan ɓarayin. Su niƙe shi, su haɗa da kogon."

Rigima ta tashi ne ranar da katafila ta shiga gonar Balarabe. Ta tuge tsamiya, ta tuge ƙanya, ta nufi 'Yar Auta. Direban ya ɗaga kai ya ga tsohuwa zaune a kan tabarma tsakaninsa da itacen, tana tsince wake a faifai kamar tana tsakar gidanta. Ya danna ƙaho. Ta ɗago.

"Ɗan nan, in kana sauri ka bi ta kaina."

Aka kira shugaban aikin, Injiniya Hafiz, wani matashi ɗan birni mai ladabi, wanda ya zaci lallashi zai yi aiki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ai mun sayi filin nan da duk abin da ke cikinsa."

"A hannun wa?"

"A hannun Malam Balarabe."

"Yaya!" Ta ɗaga murya, don ta hango shi yana neman laɓewa bayan tifa. "Fito nan. Yaushe ka haifi ɗorawa har ka aurar da ita?"

Balarabe ya fito yana sosa ƙeya, ya ce shi dai gona ya sayar, bai ce da itace ba, bai kuma ce ban da itace ba. Aka ɗunguma gaban dagaci. Dagaci bai ko gyara zama ba. Ya ce ƙasa ta Balarabe ce, ya sayar, ta sayu. Ɗorawa ta Sabuwa ce tun ranar rabon gado, dattawan da suka shaida suna nan da ransu. In kamfani na so, ya nema a hannun mai ita. Injiniya ya yi tayin diyya. Sabuwa ta ce ba ta sayarwa. Ya ƙara. Ta ce ko kunnensa ne ke ciwo? Injiniya ya duba agogo, ya ga rigima da tsohuwa ta fi kewaye itace tsada, ya ce a bar mata. Shi ya sa har yau in ka shiga filin za ka ga hanyar tifa ta taho ɗoɗar, sai ta yi wata lanƙwasa kamar maciji ya ga sanda. Direbobi na kiran wurin Kwanar Inna.

Ba a jima ba aka fara tayar da nakiya. A busa jiniya, kowa ya ruga, sai ka ji dummm, ƙasa ta girgiza, kaji su ɗauke kuka, kwanukan jere su yi ta kaɗawa a ɗakunan amare. Tun daga harbin farko jemagu suka fito da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba, suka yi ta shawagi kamar an watsa toka. Kafin wata ya ƙare babu ko ɗaya. Sun yi kudu.

Sabuwa ta yi guɗa. Abin da ta kwashe shekaru tana yi da gwangwani, ga shi an gama mata a wata guda. Ta soya ƙosai kwano guda ta aika wa ma'aikata sadaka, ta sa aka sauke gwangwanayen ta bai wa masu gwangwan.

Da lokacin tuntu ya zo, itatuwan suka yi ado irin wanda ba a taɓa gani ba. Har Mai Rowa ta saki hannu. Magariba ta yi tsit, babu tsuwa, babu fuka-fuki. Sabuwa ta riƙa tare mutane a hanya tana nuna musu.

"Kun gani ko? Bana sai na ari rumbu."

Tuntu ya bushe ya zube. Aka jira ɗorawa ta fito. Aka yi ta jira. Abin da ta sauke da gorarta mai ƙugiya a bazarar nan, daga itatuwa uku, bai cika kwando ba.

Ta ce baki ne, mutane sun yi ta yabawa babu tubarkalla. Ta karɓo rubutu ta zuba a saiwa. Aka ce ta sassare ɓawon kamar yadda ake yi wa mangwaro in ya ƙi haihuwa, ta sassara tana ba su haƙuri. Ta ce ƙurar inji ce, ta tsare Injiniya har sai da ya sa motar ruwa ta riƙa yayyafa wa hanya. Ta zargi Balarabe, don dai kada a bar shi haka nan. Shekara ta zagayo, tuntu ya sake yin kyau, kwando ya sake dawowa da sauran wuri.

Abin haushin kuma, ba a taɓa neman daddawa a ƙauyen kamar lokacin ba. Masu tuwon bakin kamfani kullum suna ƙofar gidanta. Ga kasuwa ta zo, ga kaya babu. Ta hau mota zuwa Gwaram sayen kalwa, ita da ba ta taɓa sayen ko gwangwani ɗaya ba tun da aka haife ta. A can ma ta tarar kalwa ta zama gwal, don masu gawayi sun bi dazuzzukan sun kwantar da manyan itatuwa, kullum motoci na fita da buhuna baƙi-baƙi zuwa birni. In ta saya a haka ta dafa ta sayar, ladan hayaƙi kawai za ta samu.

Ana cikin haka Ruƙayyatu, 'yar Balarabe da ta yi karatun aikin gona take aiki a Dutse, ta zo ganin gida. Ta shiga gaishe da gwaggonta, ta tarar da ita tana faɗa da tukunya. Ta saurari labarin tun daga farko, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Gwaggo, jemagun nan da kike kora, har yanzu suna zuwa?"

"Allah ya raba mu. Ko ɗaya."

"To ai su ne."

"Su ne me?"

Ruƙayyatu ta gyara zama, ta ɗan matsa kusa da ƙofa don ta san gwaggonta. Ta ce in jemage ya sa baki a tuntu yana lasar zaƙin, garin furen kan manne masa a gashi. In ya tashi ya sauka a wani itacen sai ya goga masa. Da haka ɗorawa ke ɗaukar ciki. Ƙudan zuma na taimakawa da safe, amma su ma ƙura da girgiza sun kore su. Babban aikin dai na jemage ne.

Sabuwa ta ajiye muciya.

"Ke Rakiya. Kuɗin makarantar da aka biya miki, abin da aka koya miki ke nan? Jemage ne mijin ɗorawa?"

"Kusan haka ne, Gwaggo."

"Ɓarawon da na kwashe rayuwata ina kora?"

"Ai da yake kina tafiya da lisha, suna dawowa su yi aikinsu."

"Tashi ki tafi gidan ubanki. Ƙarya a jininku take."

Amma maganar ta zauna mata kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da lokacin tuntu ya sake zuwa, 'yarta da ke aure a Kwandiko ta haihu, ta tafi suna. Bayan gidan surukan akwai wata tsohuwar ɗorawa. Da magariba ta fito alwala sai ta ji tsuwar da ta sani. Ga su nan, sun lulluɓe itacen, watakila ma har da nata a ciki. Hannunta ya kai neman igiya kafin ta tuna ba a gida take ba. Ta kira surukin 'yarta.

"Malam, wannan tana haihuwa kuwa?"

"Wannan? Bara sai da reshe ya karye."

"Ba kwa korar waɗannan?"

"Wa yake da wannan lokacin, Inna?"

Ba ta ci tuwon suna da daɗi ba. Matan da suka zo tare da ita sun ce tun daga Kwandiko har gida ba ta yi wa direba faɗa ko sau ɗaya ba, har suka fara tambayarta ko jikin ne.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi kwantenar da Injiniya Hafiz ke zama. Yana ganinta ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Inna. Yau kuma wace tifar ce ta gogi itacen?"

"Ba tifa ba ce. Jemaguna na zo nema."

Injiniya ya dubi magatakardansa, magatakarda ya dubi silin.

"Na'am, Inna?"

"Jemagu. Kai ka kore su, kai za ka dawo da su."

"Inna, ba ke kika aiko mana da ƙosai ranar da suka tafi ba? Ni ma na ci. Har da yaji."

"In ka ga dama ka amayar. Ni dai ka ji abin da ya kawo ni."

Ta zauna ba a ba ta kujera ba, ta zayyana masa. Buƙatarta ba ta da yawa, in ji ta. A daina tayar da nakiya daga fitowar tuntu zuwa zubewarsa. A kuma bar ɓangaren dutsen da kogon yake, kada a taɓa. Injiniya bai yi dariya ba, a ba shi wannan. Ya ce shi ma ya taɓa jin haka a makaranta. Amma injinan nan haya ake biya, ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Masu titi na jiran tsakuwa, su ba su san tuntu ba. In ya tsayar da aiki tsawon wannan lokaci, da me zai sallami mutum sama da ɗari? Ɓangaren kogon kuwa, nan ne dutsen ya fi kyau.

"Amma kamfani bai manta da muhalli ba, Inna," in ji shi. "Muna da shirin dashen itatuwa. Zan sa a kawo miki."

Da la'asar aka sauke mata dashen itacen turare a ƙofar gida, 'yan sirara a cikin baƙar leda, irin dogayen nan da ba su da inuwa ba su da 'ya'ya. Sabuwa ta zagaya su tana kallo.

"Wannan a miyar wa ake sa shi?"

Awakin unguwa ma shinshinawa suka yi suka wuce.

Labari ya bazu, gari ya samu abin dariya. Yara na ganinta su ce, "Inna, an ga mijin ɗorawa a Wurno!" su ruga. Ruƙayyatu ce kaɗai ta ɗauki abin da gaske. Ta bugo waya ta ce akwai hukumar da ke duba irin wannan, kuma ba ɗorawa kaɗai ba ce: ga bangon mutane duk ya tsattsage, ga tari ya yi yawa a unguwar gabas. In Gwaggo ta yarda ta tsaya a gaba, da bakin nan nata, za a turo masu bincike. Watakila a sa musu doka. Watakila ma a rufe wurin.

Sabuwa ta ce a turo su, jiya ma ta so.

Bayan sallar la'asar sai ga Ɗayyabu ya yi sallama. Ya shigo fari fat da ƙurar dutse tun daga gira har takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa nesa da ita kamar yadda ya saba. Suka gaisa kowa na kallon wani wuri. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Inna, an ce za ki kai ƙara."

"An ce."

"To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya yar da tsinken. "Dama cewa na yi in sanar da ke, in an rufe, zan koma Fatakwal. Sai dai mai ɗakin nawa ga yadda take, watan haihuwarta ya kusa. Sai in kawo ta nan wajenki da yaran."

Da ma ya yi mata gardama ne, da ta san yadda za ta yi da shi. Ta dubi ƙafafunsa. Ta tuna yadda yake dawowa daga Kudu a da, wuya kamar mariƙin lema, da tari, da 'yar leda a hannu.

"Kai dai ubanka ka biyo," in ji ta. "Ku kashe mutum da sanyin murya. Waye ya ce maka zan kai ƙara? Ni na ce maka? Tashi ka je ka wanke wannan fuskar, kamar wanda ya faɗa buhun rogo."

Da ya fita ta kira Ruƙayyatu ta ce a bar maganar. Ruƙayyatu ta fara bayani, Sabuwa ta ce ba ta ji, wayar na yankewa, alhali muryar na fita tar.

Yanzu in ka je Kwanar Inna za ka same ta a gindin Babba, kan tabarma, da faranti a gaba. Itatuwan na nan kore shar, sun fi kowane itace a yankin ƙiba tun da ba sa shayar da kowa. Direbobin tifa masu jiran lodi a inuwarsu suke kwanciya. Abin da ke cikin farantin kuwa daddawa ce, amma ta waken suya, wanda ake samu a kowace kasuwa. Ta koyi yin ta a wajen wata ƙanwar ƙawarta, tana yi tana tsaki. Kuma duk wanda ya tsaya saye sai ta gaya masa.

"Ka sani dai, wannan ba ta kalwa ba ce. Kada ka je ka ce Sabuwa ta cuce ka."

"Haba Inna," in ji wani direba ɗan Wurno kwanan baya, "ai babu irin taki. Mai ɗakina cewa ta yi in ƙaro."

"Matarka mura take yi?"

"Lafiyarta ƙalau. Ai duk ɗaya ne, Inna, daddawa daddawa ce."

Sai da aka riƙe farantin, don saura kaɗan ta kwaɗa masa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ciniki ya fi na da, kuma babu wanda ya lura da bambanci.

Mutum ɗaya ne ke zuwa ba don daddawa ba, Dabo mai gawayi. Yakan jingine babur, ya gaishe ta da ladabi, amma idonsa na kan gindin Babba, yana auna ta sama da ƙasa kamar mahauci a kasuwar shanu.

"Inna, itacen da ba ya haihuwa ai nauyi ne a ƙasa. Ki bar ni in rage miki. Babbar nan kaɗai ta ishe ki kujerar Makka, in an haɗa da 'yan'uwanta."

"Ka je ka ƙone gemun ubanka ka sayar."

"Allah ya ba ki haƙuri. Amma me kike jira?"

"Dutse nake jira ya ƙare. Ba cinsa suke yi ba? Kullum raguwa yake. Ran da suka lashe shi za su naɗe injinsu su yi gaba, gari ya yi shiru, masu aikina su dawo."

Dabo ya juya ya dubi Dutsen Kurma, wanda yanzu rabinsa ya tafi, ya zama kamar burodin da ɓera ya kwana a kai. Ya cire hula ya sosa kai.

"To Inna, in dutsen ya ƙare, in sun dawo a ina za su sauka?"

Sabuwa ta buɗe baki. Ta dubi dutsen, ta ɗaga kai ta dubi rassan. Daga can ciki jiniya ta fara kuka, direbobi suka miƙe suna kakkaɓe riguna. Ta jawo faifai ta rufe farantin don kada ƙura ta shiga.

"Ɗauke wannan akwalar babur ɗin daga gabana," in ji ta. "Ka tare min ciniki."